Albarka Bayan Sallama

Bakin Sabiru ba ya hutu. A tashar 'yan acaɓa ta Zango, in fasinja ya yi masa tayin wulaƙanci sai ya ce, "Na sallama, Alhaji, haɗa har da mashin ɗin." Budurwa ta ƙi shi, ya ce dama ya sallama wa mai mota. Kalmar nan ba ta fi masa ɓawon gyaɗa nauyi ba.

Abu ɗaya ne bai taɓa sallamawa ba: tattabarun wansa Yazid, wanda ya tsallaka iyakar Kongolam shekara huɗu ke nan, wai zai je neman aiki Agadas ya dawo kafin kaka. Lambarsa tuni ta daina shiga.

Innarsu ce ta gaji. "Kukansu na tuna min shi, Sabiru. Ka rabu da su, mu haƙura."

Ran kasuwar Mai'aduwa da aka kai tattabarun, Mati mai kiwon tsuntsaye a Dutsi ya taya, ya ƙara. Sabiru sai shafa wuyan wata farar tattabara yake, wadda Yazid ke kira Amarya.

"Kai mai bakin rediyo, yau batir ya mutu ne? Ka ce albarka ko ka sallama."

"Tasha nake nema, Malam Mati." Ya miƙa masa Amarya. "Na sallama."

Ranar ko waigen fasinja bai yi ba.

Kwana tara, ya shigo gida cin abincin rana, sai ga Amarya a kan katanga tana gyaran fiffike. Inna na tsaye, gero a tafin hannu.

Waya ta yi ƙara. Mati ne.

"Ja'iri! Ka sallama da baki, ka kira ta da fito?"

"Wallahi ni na sallama. Ita ce ba mu tambaya ba."

"Kawo ta in fige mata fiffike, in ga ta tsiya."

Sabiru ya dubi Inna. Ita ba shi take kallo ba.

"Tun daga Dutsi fa," in ji ta a hankali. "Ba wanda ya nuna mata hanya."

Ta watsa geron.

"Malam Mati, a warware cinikin. Albarka."

"Albarka bayan sallama? A wace kasuwar?"

"A ta gidanmu."

Ya kashe. Ya ɗan jima yana kallon wayar, sannan ya lalubo lambar Yazid ya danna.