Gwazar Mufattishi

"Ba ni dafawa," in ji Sakinatu, ta ture ƙwaryar gefe.

Mahaifinta, Alhaji Jibo, ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani take.

A cikin ƙwaryar akwai saiwoyi kamar dunƙulen hannu, da ganyaye masu faɗi, kore da ɗigon ja kamar an yayyafa musu jinin rago. Daga lambun mufattishi ya tono su, Baturen nan mai duba gonakin auduga da ya tattara ya koma ƙasarsu bara. Gidan ya zama kango, shinge ya faɗi. Alhaji yana dawowa daga gona ya leƙa, ya ga ganyen, ya tsaya cik. Rabonsa da gwaza tun yana ɗan ƙarami, kafin iyayensa su baro ƙasarsu ta Yamma da ƙafa, hanyar Makka ta yada su a nan yankin Jazira. Nan take ya tone lambun kakaf, kuma kafin ya iso gida ya gayyaci duk tsofaffin ƙauyen da aka haifa a can, su zo bayan sallar Juma'a su ci abincin gida. Matarsa tana garin Suki wajen jegon babbar 'yarsu, don haka tukunya ta faɗo kan Sakinatu, wadda ta zo hutu daga makarantar 'yan mata ta Hasahisa.

Aka kai wa Iya, kakarta, ta shaida. Idonta ya yi rauni, sai ta shafa ganyen, ta sansana, ta ce gwaza ce ko a gaban alƙali. Da aka gaya mata akwai ɗigon ja, ta ce zaman gidan Nasara ne, kowa ya daɗe a can sai ya yi ja. Audi maƙwabci, wanda ya yi wa mufattishi ban ruwa shekaru, ya ƙara da cewa bai taɓa ganin an kai ta kicin ba, amma safe da yamma ake ba ta ruwa, kuma ba mai hankalin da zai shayar da abin da ba ya ci. A ganinsa Baturen ɓoyewa yake yana ci don kada a roƙe shi.

Sakinatu ta san ganyen. Yana nan cikin gwangwanaye a ƙofar ofishin shugabar makarantarsu, don ado kawai. Wata rana gardamar 'yan mata ta sa ta tauna karansa. Harshenta ya kumbura ya cika baki, maƙogwaro kamar ta haɗiye allurai, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Ita ke nan mai ƙirjin ƙuruciya. Ta tuna Malam Almu, ɗaya daga cikin tsofaffin da aka gayyata, wanda kunu ma kan sarƙe shi.

Ta ba da labarin. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai gwaza ɗanya dama ƙaiƙayi gare ta, shi ya sa Allah ya halicci wuta. Wannan ta ɗan girgiza ta, don ba ta da tabbacin wuta ba za ta kashe dafin ba.

"To ɗiyata mai boko, in ba gwaza ba ce, mi ne ne sunanta?"

Ba ta sani ba. A makaranta kowa "shukar shugaba" yake ce mata.

"Shekaru kina cin kisrar gwamnati, sunan ganye ya gagare ki?"

Ta ciri ganye ɗaya ta miƙa wa akuyar gidan, wadda ta taɓa cinye rabin tabarmar sallar Iya. Akuya ta sansana, ta yi atishawa, ta juya baya. Alhaji ya ce akuyar ma haihuwar Jazira ce kamar Sakinatu, ina ta san gwaza.

Sai ta ce za ta dafa, amma ita za ta fara ci, a jira a ga abin da zai same ta. Nan Iya ta tafa hannu tana salati. A gidan wa yarinya ke riga dattawa sa hannu a akushi? Alhaji ya ce kuma gwazar ba ta da yawan da za a ɓata ta a bakin wanda bai san darajarta ba. Ya daina dariya. Ya ce ya riga ya faɗa wa mutane, ba zai zama abin zunɗe a ƙofar masallaci ba. Lorin Hasahisa na zuwa ran Asabar. In ta dafa, ta hau. In ba ta dafa ba, ta kwance akwatinta, boko ya ishe ta haka.

Ita kaɗai ce mace a ƙauyen da ta kai inda ta kai, kuma saura zango ɗaya a tura ta koyon malanta. Ta kuma san in ta tsaya ga ƙin dafawa kawai, matar Audi na nan da tukunyarta.

Ran Juma'a, maza na masallaci, ta ɗora ƙwaryar a ka, ta ratsa gonakin auduga har babbar tur'a, magudanar da ke shayar da su. Ta juye, ta tsaya har ruwa ya tafi da ganyen ƙarshe. Ta dawo ta yi kisra, siririyar wainar dawa ta mutanen ƙasar, da miyar busasshiyar kuɓewa, ta shimfiɗa tabarmi.

"Baba, gwazarka tana cikin tur'a. Ni na zuba."

Tsofaffi suka ci kisra suna tsaki, suka sha gahawa suna tsine wa boko. Malam Almu ya ce ya kwana yana mafarkin gwaza, yanzu zai mutu bai ƙara ɗanɗana ta ba. Sai da ya ƙara shekara goma sha wani abu a duniya yana maimaita wannan magana.

Ran Asabar lori ya zo, ya yi oda a bakin hanya, ya wuce. Tun da ba wanda ya ci, ba wanda ya kumbura, don haka ba wanda ya taɓa cewa tana da gaskiya, ita ma ba ta taɓa sanin sunan shukar ba. Yara suka laƙaba mata Zubar-da-Gwaza, tana amsawa da kai a sama. Mahaifinta bai janye maganarsa ba, ita kuma ba ta ba da haƙuri ba. Sakinatu ba ta koma makaranta ba, ba ta zama malama ba. Auduga ta tsinta a gonar mahaifinta, a wannan kaka da waɗanda suka biyo baya.