Kilishen Maigidana

Tsaga tara ke fuskar maigidana, uku a kowane kunci, uku a goshi. Shekara talatin da huɗu ina kallonsu. Hoton da Ilyasu mai hoto ya miƙo mini ba ko guda ɗaya.

A shekarar da ta biyo bayan babban fari ne, maigidana, baban Zalika, ya shiga Tanut ranar kasuwa ya zauna gaban akwatin hoton Ilyasu, don an ce kowa ya yi katin shaida. Bai koma karɓa ba, ciwon ƙirji ya kayar da shi, ko sati uku bai yi ba ya cika. Duk duniya ba shi da wani hoto. Da na fita takaba na hau motar Falanko na je karɓowa, don autata Zalika tana da ciki, ina son abin da za ta haifa ya san fuskar kakansa.

Na juya takardar sama, na juya ƙasa. Hular tasa ce, rigar tasa ce, ni na ɗinke wuyanta. Amma fuskar sumul, ta yi haske kamar ta ɗan lakwal, yaron makarantar boko. Na ce wannan wane ne. Ilyasu ya ce ai gyara ya yi, da fensir yake bi yana shafe tsaga da tamoji, yanzu haka ake yayi, mutane har godiya suke masa.

"Wa ya aike ka?" na ce.

Ya ce in matsa, ina tare masa haske.

Wata mai fura ce ta nuna mini rumfar Manzo a bakin tasha, tsohon mai hoto ne. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ciro wani ɗan gilashi ruwan ɗorawa, ya ce shi in zai tausasa fuska wannan yake ɗorawa a idon akwati, mai fuskar yana zaune yana gani, in bai so ya ce a cire. Gilashi ba ya ɗauke abin da wanzami ya sa. Fensir kuwa sai mutum ya tafi gida ake bin bayansa da shi. Ya ce in koma in karɓo kilishe, wata ƴar baƙar leda mai sheƙi da ake wanke hoto daga jikinta, sunan Faransa ne, a nan ainihin fuskar take.

Na koma wajen Ilyasu. Mutane sun kai goma a layi. Na ce ya ba ni kilishin maigidana.

Ya san abin da nake nufi sarai, na gani a idonsa. Amma sai ya waiga wajen mutane yana nuna ni da baki.

"Iya, mahauta suna can bayan masallaci. Mai yaji kike so ko marar yaji?"

Aka kwashe da dariya. Ban yi boko ba, amma ba a mayar da mijina nama a gabana. Na shimfiɗa zanena a ƙofar rumfarsa na zauna. Duk wanda ya zo sai in ɗaga masa hoton, in ce ya ƙirga tsagarsa kafin ya shiga, don ba lalle ya fito da ita ba. Wani Buzu ya taɓa fuskarsa ya juya. Wasu mata biyu ƴan Ollelewa suka bi shi. Ilyasu ya ce zai kira mini jandarma, na ce ya kira, su ma suna da fuska.

Kwana biyu ina nan, a gidan ƙanwata nake sauka. A na uku mai unguwa ya aiko a kira mu. Ilyasu ya ce kilishe kayan aikinsa ne, ba a ba kowa. Mai unguwa Badagire ne irinmu, tsagarsa har haɓa. Ya tambaye shi, in shi ya zauna gaban akwatin, tasa ma shafewa zai yi? Ilyasu ya sunkuyar da kai. Kafin azahar ya jefo mini abin a cikin ambulan, ko kallona bai yi ba.

Na kai wa Manzo, ya ɗaga shi saitin rana, ya ja tsaki. Ya ce a jikin kilishen aka yi ɓarnar. Ya jiƙa auduga da wani ruwa mai warin kananzir, ya dinga gogawa a hankali, baƙin fensir yana fita. Ya shiga ɗan ɗakinsa mai duhu, ni ina waje ina jan carbi. Da ya fito takardar da danshinta.

Goshin ya dawo. Kuncin dama ya dawo, har da wadda ta karkace don ya motsa a hannun wanzami yana jariri. Na rufe bakina da mayafi.

Kuncin hagu kuwa sumul. Manzo ya ce rana ta daki wannan gefen, tsagar ta yi ƙyalli, fensir bai rufe ta ba, sai Ilyasu ya sa reza ya kankare. Abin da reza ta ci ba ruwan da ke mayar da shi. Ya ce in ina so zai zana mini ukun da hannunsa, ba wanda zai gane.

"Ni zan gane," na ce. "Bar shi haka."

Na naɗe hoton a haɓar zanena. Motar Falanko tana lodi, direba yana kira, na ce su tafi. Na koma ƙofar Ilyasu na sake shimfiɗa zane. Ya leƙo ya ce me kuma, ba an ba ni abina ba.

Na ce shida aka ba ni. Saura uku, kuma a gaban mai unguwa zai faɗi da bakinsa abin da ya yi musu.