Tsakin Alkama a Kan Layin Dogo

Zuhur ta maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, ta cicciɓi buhun da hannu biyu, ta juye shi a akwatin yashi da ke gefen injin jirgi. Buhun da sauran ɗuminsa, don yanzun nan ta sunkuto shi daga gidan burodin unguwa, inda suke kai yashinsu ya kwana kusa da tanderu ya bushe. Ko kallon abin da take zubawa ba ta yi ba. Idonta yana kan tasha, bakinta yana kan mai furanni da ya aiko mata da tukwane huɗu maimakon shida.

Mako biyu ke nan tana gallabar ma'aikatanta bakwai. An wanke tarago ukun nan har sau biyu, an shafe tasha da farar ƙasa, ta kuma rantse cewa duk wanda ya yi kuskure yau, komai ƙanƙantarsa, kada ma ya jira ta yi magana, ya kama hanyar gidansu. Yau ce ranar da sufeto zai gwada jirgin. In ya sa hannu, lasisi ya sabunta, su kwashi baƙin bazara. In bai sa ba, jirgi zai kwanta sai bayan wata shida, kuma kamfani mai jirgi ɗaya tilo ba ya kwanciyar wata shida ya tashi. Masu sayen tsohon ƙarfe sun daɗe suna shawagi a kan layin nan tun da aka rufe mahaƙar dalma. Mahaifinta ne ya tare musu hanya, ya mai da jirgin dakon dutse na 'yan yawon buɗe ido, ya rasu ya bar mata.

Direba ya leƙo ta tagar inji. Kawu Hammu ke nan, ƙanin mahaifiyarta, tsoho mai taurin kai da ya ƙi sa tabarau wai don kada injin ya raina shi.

"Kin zuba?"

"Na zuba, Kawu."

"Ya bushe?"

"Har da zafinsa."

"To Hajja ta gode," ya ce, yana shafa gefen injin. Hajja dai, sunan da yake kiran injin da shi, ta girmi Zuhur da shekara goma sha biyu.

An yi yayyafi da asuba, dogo ya jiƙe ya yi santsi, kuma gwajin kansa a Hawan Alfadari ake yin sa, wurin da ya fi ko'ina tsauri a kan hanyar zuwa garin Tizi. Jirgi zai tsaya cak a tsakiyar hawan, ya riƙe birki minti biyu, sannan ya tashi ba tare da ya ja baya ba. A irin wannan rana, yashin da bututu ke fesawa gaban ƙafafun inji shi ne komai.

Sufeto ya iso ƙarfe goma daidai. Si Buazza sunansa, wato Malam Buazza a bakin mutanen ƙasar, siriri, da kwat mai ruwan toka da jaka a hammata. Lalla Tamu, wato Uwargida Tamu, mai shayin jirgi, ta tare shi da tire, ya ɗaga mata hannu.

"Bayan sa hannu, Lalla. Kafin sa hannu, shayi yana da wani suna." Ya juya ga Zuhur. "Motar da za ta mai da ni birni tana wuce Tizi ƙarfe huɗu. Ina fatan jirginki ya san da haka."

"Ya sani, Si Sufeto. Tun jiya na gaya masa."

Bai yi dariya ba. Ta yi da-na-sanin bakinta.

Fasinjojin ranar kuwa ba ruwansu da wani gwaji. Malaman makaranta ne mata talatin daga birnin Fas, duk sun yi ritaya, sun baro mazansu a gida sun taho da bandiri uku. Tun kafin jirgi ya bar tasha sun kama waƙa. Turawa huɗu da suka zo kallon duwatsu suka manta da duwatsun, suka koma ɗaukar hoton malamai.

Hajja ta yi tari biyu, ta ja. Zuhur tana tsaye a ɗakin direba tsakanin kawunta da sufeto, tana ƙirga gadoji a zuciyarta. Suka wuce gonakin zaitun, suka shiga ramin dutse na farko, malamai suka yi ihun murna cikin duhu kamar 'yan aji ɗaya. Da suka fito, kwazazzabo ya buɗe a hagu, ruwa can ƙasa yana ƙyalli. Ko ita da take bin hanyar nan kullum sai da ta ji wani daɗi ya taso mata. Komai yana tafiya daidai. Har ta fara shirya yadda za ta yi wa Kawu tsiya a kan cewa shi ya fi kowa tsoro.

A tsakiyar Hawan Alfadari sufeto ya ɗaga yatsa. Kawu ya kama birki. Jirgi ya tsaya, bai motsa ko taƙi ɗaya ba. Minti biyu suka cika, Si Buazza ya yi wani ɗan rubutu, ya gyaɗa kai.

Kawu ya ja mariƙin yashi, ya ba Hajja wuta. Ƙafafu suka juya, jirgi bai gusa ba. Ya ƙara yashi, ya ƙara wuta. Ƙafafu suka dinga walwala a wuri ɗaya suna kuka. Ya maida birki, ya goge goshi, ya sake gwadawa. Haka dai.

Sai wani ƙamshi ya cika ɗakin direba. Sufeto ya ɗaga hanci.

"Wa ke gasa burodi a tsakiyar dutsen nan?"

Su uku suka sauko. Ƙarƙashin ƙafafun inji wani kwaɓi ne ya lulluɓe dogo, gefensa ya yi ja ya soma ƙonewa. Awakin da ke kiwo a gangaren tuni sun ji labari, suna sulalowa ɗaya bayan ɗaya. Si Buazza ya tattara wandonsa, ya tsuguna, ya dangwalo, ya shinshina, ya kai baki. Ya ɗan jima yana taunawa.

"Da sauran gishiri," ya ce.

Zuhur ta juya ga kawunta a fusace. "Kawu, sau nawa zan ce maka ka sa tabarau? Yau ga shi ka..."

"'Yar nan," ya ce a hankali, "wa ya zuba?"

Buhu biyu ne a jingine kusa da tanderu, iri ɗaya, ta tuna. Ta ɗauki wanda ya fi kusa da ƙofa.

Lalla Tamu ta kutso tsakanin malamai da suka fara saukowa. Ta hau matakala, ta buɗe akwatin yashi, ta ɗebo, ta murza a tafin hannu.

"Tsakina ne," ta ce. "Na kuskus ɗin sunan jikata. Kwana uku ina tankaɗe shi da hannun nan, na kai gidan burodi don kada ya yi sanyi. Ashe jirgi za a ciyar." Ta dubi Zuhur sama da ƙasa. "Ke da kika ce duk wanda ya yi kuskure ya tafi gidansu. To mu raka ki, ko kin san hanya?"

Malamai suka kwashe da dariya. Wata ta buga bandiri, wata ta ƙirƙiri waƙar jirgin da ya ci kuskus ya ƙi tafiya, sauran suka amsa. Aka fassara wa Turawa, su ma suka riƙe ciki. Kawu Hammu ya jingina da Hajja yana dariya har hawaye. Zuhur ta yi ƙoƙarin murtuke fuska, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace mata, ta durƙusa a kan tsakuwa tana yi, tana yi, har sai da ta hango jakar sufeto, ta tuna abin da ke ciki. Nan take dariyar ta ɗauke. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka binne mahaifinta.

Kawu ya matsa kusa da sufeto, yana murza hula.

"Si Sufeto, birki dai ka gani da idonka. Ya riƙe, kuma a kan kwaɓi. Wane jirgi ne a ƙasar nan ya taɓa riƙe birki a kan kwaɓi?"

"Birki ya ci," in ji Si Buazza. "Tashi ya faɗi. Ba na rubuta abin da ban gani ba."

Zuhur ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa. Ba ta iya roƙo ba, kowa a garin ya sani.

"Laifina ne, ba na jirgi ba," ta ce. "Jirgin lafiyarsa ƙalau."

"Na yarda. Amma ba ke aka aiko ni in gwada ba." Ya buɗe jaka, ya zaro takarda, ya karanta ta tun daga sama har ƙasa kamar bai taɓa ganinta ba. "Nan an ce a yi gwaji ranar yau. Ban ga inda aka ce sau nawa ba." Ya dubi agogo. "Ƙarfe huɗu, Lalla Zuhur. In motar nan ta wuce ni, matata za ta so ta san sunanki."

Sha biyu saura kwata. Saukowa minti arba'in, hawa kusan awa, ga bututu a toshe, ga dogo a dame. Zuhur ta juya ga fasinjojinta, ta rasa ta inda za ta fara ba su haƙuri. Shugabar malaman, wata gajeruwa mai suna Lalla Kanza, ta riga ta naɗe hannun riga.

"Je ki ɗauko yashinki, 'yata. Shekara talatin muna goge allo, dogo ba zai gagare mu ba. A ba mu tsumma da ruwa. Ku kuma," ta nuna Turawa, "ku kama awakin nan ku jera su a kan layi, su ma su yi aiki."

Aka sauke musu jarkokin ruwan shayi da duk wani tsumma da ke cikin jirgi. Hajja ta gangara da baya, sannu a hankali, da Zuhur da Kawu da Lalla Tamu, da sufeto da ya ce shi ba ya rabuwa da abin da yake gwadawa.

A tasha suka tarar da mai gidan burodi zaune a kan buhun yashi, ya harɗe ƙafa.

"Na bi ki ina kira," ya ce, "kika ɗaga mini hannu wai kina waya."

"Tashi mini a kan buhu, Si Mbarak, don girman Allah."

Lalla Tamu ta kwashe abin da ya rage na tsakinta da kwano, tana mita a kan kowane kwano. Bututun ne ya ci lokaci. Kwaɓin ya gasu a ciki ya yi tauri, Kawu ya kwanta rigingine ƙarƙashin Hajja yana zungura da waya, yana ba ta haƙuri, gutsattsarin burodi suna zubo masa a gemu. Zuhur ta zagaya injin ya fi sau ashirin. Sai biyu da kwata suka tashi.

Uku da 'yan mintoci suka iso Hawan Alfadari. Dogo yana walƙiya, a wanke tas, kuma a jiƙe sharaf, ya fi na safe santsi. Malamai suka hau, hannuwa duk baƙin mai, babu mai taɓa bandiri. Kawu ya kama birki. Minti biyu suka wuce, ba ka jin komai sai kukan awaki.

Si Buazza bai ɗaga yatsa ba. Ya dubi akwatin yashi, ya dubi Zuhur.

Ta gane. Ta sauka, ta buɗe murfin, ta cika hannu. Kawuna talatin da huɗu sun leƙo ta tagogi. Ta watsa a baki, ta tauna, har na tarago na biyu suka ji ƙaras ɗinsa.

"Yashi ne," ta ce da ƙyar.

Ta hau. Kawu ya yi bisimilla, ya ja mariƙi, ya ba Hajja wuta. Ƙafafu suka juya sau ɗaya a banza. Sai aka ji gurzar yashi a ƙarƙashi, ƙarfe ya kama ƙarfe, tarago ya ja tarago. Dutsen da ke gefen taga ya fara komawa baya. Guɗa ta ɓarke a tarago ukun gaba ɗaya, bandiri suka tashi.

Sufeto ya dafa takardar a kan gwiwarsa, ya jira jirgi ya daina girgiza, ya sa hannu, ya buga hatimi. Ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba, ya leƙa baya ya ce a gaya wa Lalla Tamu yanzu zai sha shayin.

Zuhur ta riƙe takardar da hannu biyu, hawaye suna bin kuncinta. Ta so ta yi masa godiya, ta so ta gaya masa wanda ya bar mata layin nan, amma bakinta cike yake da yashi, kuma ba ta jin ya dace ta tofar a gaban sufeto.