Fijon Baba a Giya

Fijo 504 ɗin Baba ta girme ni, kuma tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta tashi bugu ɗaya ba. Sai an murɗa makulli sau biyar tana tari, wani lokacin ma sai maƙwabta sun turo ta har bakin layin dogo. Da Baba ya gaji, sai ya sa ƙanena Kevin ya aiko daga Kaduna da sabuwar distirbuta, wato na'urar raba wuta a inji, irin ta lantarki wadda ba sai an riƙa goge ta ba kafin mota ta tashi.

Ranar Asabar da hantsi Oga Azariya makanike ya zo gida ya ɗaura ta. Motar tana fuskantar katanga, inda na ajiye ta jiya bayan na dawo daga kasuwar Kafanchan. Birkin hannunta ya mutu tun tuni, don haka a giya na bar ta, yadda muka saba.

Baba, tsohon hedimasta, ba a aiki ya yi shiru. Ya shige tsakanin motar da katangar, ya leƙa inji yana ba da umarni.

"Anti Emilia," in ji Azariya daga gefe, "taɓa makulli kaɗan, ina so in ga ko wuta yana zuwa."

Ban ko shiga ciki ba. Na zura hannu ta taga na murɗa, don na san halinta.

Sai ta kama. Nan take ta yi tsalle gaba, ƙofa ta fizge ni, na ji ƙarfe ya daki bulo. Azariya ya fincike waya, injin ya mutu.

"Baba!" Ba amsa. Murfin injin ya tare ni, ba na ganinsa, kuma wallahi na kasa zagayawa. Tsoro ne ya riƙe ni, tsoron abin da zan tarar.

"Yesu! Ki zo mu tura baya!" Azariya ya daka mini tsawa.

Na cire giya, muka tura. Baba ya sulale ƙasa, idonsa a buɗe, ƙafarsa ta dama ta karkace ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa. Yana numfashi. Na durƙusa ina ƙirga numfashin kamar zai ƙare a hannuna.

A asibiti yayana Jason ya iso a fusace, ya tsaya kan gadon.

"Wane mara hankali ya bar mota a giya?"

Na buɗe baki. Baba ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Ni ne," ya ce. "Jiya da yamma na fita da ita. Tsufa ne, ka yi haƙuri."

Jason ya yi tsaki ya fita neman likita. Baba bai sake ni ba, bai kuma kalle ni ba.