Hannun Daman Yaya Choji

Yayana Choji mutum ne mai taurin kai, kuma shanyewar ɓarin jiki da ta same shi ba ta rage masa ko ɗigo ba. Ta ɗauke masa hannun dama da rabin ƙafa, ta bar mini bakinsa da rigimarsa cif-cif.

A garejinsa na unguwar Old Trafford da ke Manchester akwai wata tsohuwar mota Porsche ja, ƙirar Jamus, mai kujera biyu. Tun yana aikin kemis ya saye ta a ruɓe, ya yi shekaru yana lallaɓa ta har ta zama abin kallo. Turawa kan tsayar da shi a titi su ce ya faɗi farashi, ya yi musu murmushi ya wuce. Ni dai ban taɓa ganin amfanin motar da buhun shinkafa ba zai shiga bayanta ba.

Shekarun nan da gwamnati ta matse bakin aljihu, ƙaramar hukuma ta janye tallafin wata ƙungiya a Sparkhill, can Birmingham, mai raba wa mabuƙata abinci. A nan marigayiya matarsa Rhoda ta yi ta hidima kyauta kafin su dawo Manchester. Da Yaya ya ji wurin na shirin rufewa, sai ya ce ya ba su motar, su yi gwanjonta. Na yi mamaki, na kuma ji daɗi har cikin raina.

Shugabar wurin, Hajiya Ramatu, ta bugo waya ta ce za su turo babbar mota ta ɗauka. Ya ce a'a.

"Clara," ya ce mini, "kin taɓa ganin an aiko a kwashi kyauta daga gidan mutum? Ni zan kai. Kuma da hannun dama zan miƙa makullin."

"Yaya, wane hannun daman?"

"Wanda Allah ya ba ni."

A gidanmu na Jos, ko cokali ka miƙa wa babba da hagu sai ka sha ranƙwashi. Mamanmu kan ce abin da aka bayar da hagu ba a bayar da shi da zuciya ba. Na san wannan sarai. Amma haba! Nan Ingila ce, wa zai duba? Na ce masa ko da ƙafa ya miƙa, karɓa za su yi su gode. Ya ce ai ba don su yake yi ba.

Haka muka shiga jira. Mutumin da a da sai na yi masa faɗa kafin ya je physio, wajen masu koya masa motsa gaɓɓai, yanzu shi ke tashina. Yana zaune a kicin da makullin a tafin hannu, yatsun sun koyi riƙewa, amma hannun ya ƙi ɗagawa daga cinyarsa. Gumi ya yi ta tsattsafo masa, ni kuma in juya baya ina wanke kwanon da na riga na wanke. Hajiya ta sake bugowa, cikin kunya ta ce ranar gwanjo ta matso, in aka rasa ta, wurin ba zai kai wata mai zuwa ba.

Ran nan na fashe. Na ce, "Yaya, yara na kwana da yunwa kai kana nan kana kokawa da hannu. Wannan ba ladabi ba ne, girman kai ne." Da safe na same shi ya sa kwat, ya ce mu tafi.

Ni na tuƙa, ni da ban saba da giyar hannu ba. Motar na gurnani, ina ta salatin neman tsari, shi kuma duk lokacin da giya ta yi ƙara sai ya runtse ido kamar haƙorinsa ake cira. Bayan mun yi nisa a kan babbar hanyar M6 ya daina gyara mini tuƙi. Ya jingina kai yana sauraron injin, na gane sallama yake yi da ita, sai na kama bakina.

Da muka isa bakin wurin a Stratford Road, mutane suka tsaya kallo. Hajiya Ramatu ta fito, doguwar mace mai furfura a gefen ɗankwali, bayanta layin masu jiran abinci. Na taimaka masa ya fito ya tsaya da sandarsa. Na sa masa makullin a hannun dama, yatsun suka damƙe.

Ya yi ƙoƙari. Wallahi ya yi. Kafaɗarsa ta ɗaga, jijiyar wuyansa ta fito, hannun yana nan a rataye a gefensa bai motsa ba. Hajiya ta riga ta miƙo nata, yana tsaye a iska. Na ga ya fara neman inda zai jingine sandar don ya karɓi makullin da hagu. Zuciyata ta karye, na yi da-na-sanin maganar da na faɗa masa.

Hajiya ta dubi fuskarsa, ta dubi hannun. Sai ta tattare zanenta ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen daɓen titi, yadda ake yi wa manya a gida, ta tara hannuwanta biyu a ƙarƙashin nasa.

"Kawo, Baba," ta ce. "Mun gode, Allah ya saka da alheri."

Yaya ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, makullin ya faɗa cikin tafinta. Hawaye ne kawai ke gangarowa cikin gemunsa, kuma bai damu da ya share ba.