Mariƙin Cokalin Umma

Tun da ciwon ɓarin jiki ya kama Umma, hannunta na dama ya daina riƙe cokali. Yayana yana da wata na'ura a kan teburinsa, tana narkar da zaren roba tana ɗora shi layi bisa layi har abu ya fito. Da ita ya buga wa Umma mariƙin cokali mai kauri, daidai tafinta.

Sai dai robar ba ta son zafi. Bini-bini mariƙin ya lanƙwashe, ni kuma in buga waya: "Yaya, cokalin nan ya sake lalacewa." Ya taso daga can ƙarshen gari yana mita, ya zauna bakin gadonta ya sake auna yatsunta. Ita ko baki har kunne, tana tsokanarsa wai ya ajiye tumbi.

Rannan ya shigo yana washe baki. "Umma, an gama wahala. Wannan zaren nailan ne. Sai da na busar da shi, na rufe injin da kwali, mariƙin ya yi ta ɓantarewa kafin ya yarda. Ko mota ta taka shi ba abin da zai yi."

"Allah ya yi albarka," in ji Umma a hankali.

Da gaskiyarsa kuwa. Cokali lafiya lau, shi kuma gwanin ya ɗauke ƙafa. Sai waya, ita ma sama-sama. Haushinsa nake ji har wuya.

Wata safiya na shiga na tarar ta tsoma mariƙin cikin kofin shayi mai tururi, tana danna shi a jikin ƙarfen gado da hannun nan mai rawa. Da ta gan ni ba ta ɓoye ba.

"Auta, na da can ina tsoma shi yake laushi. Wannan taurin kai gare shi."

Zuciyata ta karye. Na karɓa na fita waje na sa masa guduma, sai da na yi gumi ya tsage. Na kira Yaya.

"Ya fashe fa. Umma na jiranka."

"Nailan ɗin? Ikon Allah! To kar ki damu, biyu na buga. Yanzu zan ba ɗan aike ya kawo."

Na koma ɗaki na kasa faɗa mata. Ta sa na ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau, ta ce in jawo wa Yaya kujera kusa da gado. Da aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta ɗago kai tana murmushi.