Kibiyar Bahago

Shekara ashirin da biyu Mutari bai tuɓe riga a gaban mutane ba. Ko ranar gayya, lokacin da maza ke jefar da riguna a gindin kalgo su kama hauya, shi da tasa yake noma, gumi na manna masa ita a baya. Mutanen Rijiyar Gawo sun ce kunya ce irin ta manya. Mai takobi duk abin da ya yi, ba a rasa suna mai daɗi da za a ba shi.

Takobin kuwa na gaske ne, mai jan kube da tuntaye biyu. Sarkin yaƙin Tasawa ne ya rataya masa shi da hannunsa, shekarar da mahara suka ɓullo daga gabas don kwasar shanu da mutane, aka tare su a fadamar bayan gari. Labarin kowa ya haddace shi. Mutari, yana saurayi, shi kaɗai ya fita daga sahu a kan doki, ya kutsa cikin maharan, ya ture mai tutarsu. Su kuwa suka ɗauka rundunar Tasawa ce ta iso, suka watse. An kawo shi gida a sume a kan takarkari, wato sa mai ɗaukar kaya, ya yi wata biyu a ɗaki, ba mai shiga sai wanzami. Da ya fito, maroƙa sun riga sun gama masa kirari: Mutari na gaba, sauran maza na baya.

A shekara ta dubu da ɗari uku da goma sha ɗaya ta Hijira, bayan an gama ɗaure hatsi, mai gari Dikko ya rasu bai bar ɗa namiji ba. Rawani ya tsaya tsakanin 'ya'yan ƙannensa biyu, Mutari da Manzo. Manzo shi ne sarkin baka, wato shugaban maharban gari. Ya fi Mutari rumbu, ya fi shi baki, ya kuma fi shi sanin wa ke fushi da wa tun daga Mayahi har Isawan. Abin da Mutari ya fi shi ɗaya ne, shi ne abin nan mai jan kube. A idon dattawa kuwa ya isa.

Tasawa ta aiko jakada, wani dogo mai suna Rufa'i, da rawanin a cikin jaka. Aka taru da hantsi a gindin gawon da gari ya ci sunansa. Dattawa uku suka yi magana, dukansu takobi suka ambata. Sai Manzo ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, ni ban da takobi," ya ce. "Baka gare ni, da idanu biyu. Ran yaƙin nan ina tsaye da 'yan bakana su goma sha tara. Mu muka kori mutanen nan. Harbi guda muka saki, guda tak, suka watse kamar zabi. Yaya Mutari kuwa na gan shi, amma ba inda maroƙa suka gan shi ba."

"Ina ka gan shi?" in ji Rufa'i.

"Kada a ji daga bakina, a ce ƙyashi ne. A ce shi tuɓe riga."

Wani dattijo ya ce, "Haba Manzo, yayanka ne fa."

"Shi ya sa na yi shiru shekara ashirin da biyu, Baba. Amma gari za a ɗora mai. Gobe in an yi kuwwa, ina son in san ko gabansa za mu bi ko bayansa za mu gani."

Wasu suka yi dariya, suka waiga suka ga ba kowa ke yi ba, suka bari.

Rufa'i ya ajiye jakar a kan cinyarsa. Ya ce ba a aiko shi duba jikin mutane ba, amma tunda an faɗi abin a bainar jama'a, sai a duba. In ya tabbata gudu Mutari ya yi, takobi zai koma Tasawa tare da shi, rawani kuma ya hau kan Manzo. In ba haka ba, to, ba haka ba.

Mutari ya miƙe tsaye. Sannan ya sauke takobin ya jingine shi a jikin gawo, ya cire rigar ta kai, ya juya wa jama'a baya.

Tabon na ƙarƙashin kafaɗar hagu, faɗinsa ya kai tafin hannu, ya tattare kamar bakin jakar da aka zuge. Ƙirjinsa kuwa sumul, ko ƙaya ba ta taɓa shi ba.

Wuri ya ɗauki guna-guni. Kowa ya san hukuncin: rauni a gaba na jarumi ne, rauni a baya na wanda ya ba da ƙafa. Haka aka ji daga kakanni, kuma abin da aka ji daga kakanni ba a cika juya shi a ga ɗaya gefen ba. Dattawan nan uku suka fara gyara zama, kowa na matsawa kaɗan zuwa inda Manzo yake, kamar inuwa suke bi.

"Kai, dubi yanka! Wanga aikina ne."

Sale wanzami ne. Ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, bai ma san abin da ake gardama a kai ba. Aski ya zo yi wa jakada, yana zaune a gefe da zabirarsa yana jira a tashi. Ya taso da ƙyar, ya sa yatsa a tabon yana shafawa kamar mai taya tabarma.

"Kwana uku ina zuƙe dafi da ƙaho. Wanzaman yanzu da sun bar shi ya tahi. Ga ƙarfen nan ma ina da shi."

"Kana da shi?" in ji Rufa'i, da ƙarfi don ya ji.

"Duk ƙarfen da na hidda daga jikin mutum ba ni yar da shi, ranka shi daɗe. Abin da ya sha jini ba a barin shi inda ƙafa ka takawa. Haka ubana ya yi."

Ya zazzage ƙasan zabirar a kan buzu. Ƙulle-ƙulle ne na tsumma, sun fi goma, kowane da launinsa. Ya ɗauki wani shuɗi, ya kwance da haƙori. Kan kibiya ne, baƙi ƙirin, mai kunne biyu, wuyansa a murɗe don dafi ya sami wurin kamawa.

Ƙarfen ya bi hannu hannu, kowa na juya shi yana kaɗa kai kamar ya fahimci wani abu, har ya iso ga Ɗan Azumi maƙeri. Shi bai kaɗa kai ba. Ya tofa masa yawu, ya goge a gwiwa, ya ɗaga shi sama.

"Baba Sale, ka tabbata tsumman ba ka rikita ba? Kai da ran nan ka aske mini rabin kai ka ce ka gama."

"Rabin da ke da hankali na aske. Shuɗin nan daga rigar Mutari na yage shi."

"To wanga ƙirar babana ce."

Rufa'i ya ce, "Ƙarfe duk ƙarfe ne. Da mi ka gane?"

"Ranka shi daɗe, dubi wuyan. Duk maƙerin da ka sani, daga nan har Damagaram, dama yake murɗawa, don da dama yake riƙe awartaki. Babana bahago ne, hagu yake murɗawa. Har tsiya ake mai, a ce kibiyarsa sai ta je gida ta dawo. Ba ya kai su kasuwa. 'Yan bakan garin nan kaɗai yake ƙera wa."

Jakadan ya karɓi ƙarfen ya duba. Ba mutum ne mai saurin tunani ba, amma yakan kai inda za shi. Ya tsinci kara ya ja layi a rairayi.

"Nan 'yan bakan gari." Ya ja wani layi can gaba. "Nan mahara." Ya ajiye ɗan dutse a tsakani. "Wanga shi ne Mutari. In gudu yake yi zuwa gida, bayansa na ga mahara, kibiyarsu ce za ta same shi. To kibiyar gida ce ta same shi a baya. Ina fuskarsa take kallo?"

Dattawan suka sake gyara zama.

Manzo ya ce, "A yaƙi ana tsintar kibiyar abokin gaba a maido masa. Kowane maharbi ya san wannan."

"Ana yi," in ji Rufa'i. "Amma yanzu ka ce harbi guda kuka saki suka watse kamar zabi. Zabon da ke gudu ne ya tsaya tsintar kibiya?"

A wannan karon kowa ya yi dariyar, har da waɗanda suka ci tuwon Manzo jiya.

Rufa'i ya juya ga Mutari, wanda har yanzu yake tsaye da riga a hannu. "To kai kuma, mi ya sa ka ɓoye abin da wani zai yi ta nunawa a kasuwa?"

Rawani ya riga ya zama na Mutari, shiru kawai ake bukata daga gare shi. Amma wanda ya shekara ashirin da biyu yana noma da riga yakan gaji.

"Ranka shi daɗe, ban san kibiyar wa ce ba sai yau. Ban san komi ba. Dokin na aro ne, na wani Buzu da ya sauka gidanmu, ban taɓa hawansa ba. Mutanen nan suka tada bindiga, ya zabura. Na ja linzami, linzami ya tsinke. Na rungume wuyansa na rufe ido. Mai tuta ban gan shi ba, dokin ne ya bi ta kansa. Da gida ya nufa, da gida na tahi."

Sai wani dattijo ya ce, "Allahu akbar, ku ji sauƙin kai!" Wani ya ce ai haka jarumawa suke, ba su yabon kansu. Maroƙi ya ɗaga murya daga baya: "Mutari na gaba, mai ba doki lada!"

Rufa'i ya dubi Mutari da kyau. Ba za a ce bai gane ba. Amma in ya ɗauki takobin nan ya koma da shi, sai ya tsaya a fada ya ce sarkin yaƙi ya yi kuskure, kuma doki ya kamata a rataya wa. Ba a aiken jakada ya dawo da irin wannan.

"Mai da rigarka," ya ce. "Ba a naɗa mutum tsirara."

Aka naɗa shi kafin azahar.

Da la'asar Mutari ya zagaya bayan gida duba rumbu, ya tarar da Manzo zaune a kan turmi yana ɗaure kan kibiya a jikin kyauro. Bai tashi ba.

"Ranka shi daɗe," ya ce, bai ɗago ba.

"Bari, Manzo. Kai ma ka ji abin da na ce."

"Ba sai na ji ba, Yaya. Ina kallo linzamin ya tsinke. Na ga ƙafarka ta fita daga likkafa, kana lilo kamar salka a bayan raƙumi."

"To mi ya sa ba ka faɗi wannan ba? Da shi kaɗai ka kada ni. Ka tashi ka ce gudu na yi."

Manzo ya ciji zaren ya tsinke shi. "In na ce ina kallo, sai a ce, da kana kallo mi ka yi? Dokin na auna, a cinya, don shi faɗi kahin shi kai ka cikinsu. Ya yi tsalle. Sauran suka ga na saki, suka saki." Ya juya kibiyar a hannu. "Sarkin baka ya auna doki daga taki talatin ya sami yayansa. Gara a ce na yi ƙarya."

Mutari ya zauna a ƙasa kusa da turmin. Rawanin ya yi masa nauyi, bai saba ba, sai ya tura shi baya kaɗan.

"Kwana uku ana zuƙe mini dafinka," ya ce.

"Mai kyau ne. Ni na dafa shi."

Mutari ya yi sarautar Rijiyar Gawo shekara goma sha ɗaya, ba a yaba shi ƙwarai ba, ba a kuma yi kuka da shi ba. Duk abin da ya shafi rabon gona da rikicin makiyaya, Manzo yake aikawa, don shi ya iya. Takobin yana rataye a zaure, gara ta ci kuben daga ƙasa. In an kira shi Tasawa, a kan takarkari yake zuwa, tafiyar da doki zai yi a yini shi sai ya kwana a hanya. Mutane suka ce sauƙin kai ne.